Yadda za ka buɗe fayilolin kwamfutar gidanka kana wani gari

Ina tsaye a layi a wani biro a Yamai aka ce wa ƙanena dosiyensa bai cika ba, saura kwafin takardar haihuwa, kuma ranar ce ta ƙarshe. Takardar tana Damagaram, tafiyar kusan kilomita 900. Na ciro waya, na shiga kwamfutar da na bari a kunne a ɗakina, na sauko da hoton takardar, muka tsallaka titi wajen mai buga takardu. Kafin in dawo gida labari ya riga ni zuwa fada. Tun daga lokacin, duk inda aka ɗora shayi sai wani ya matso ya ce in nuna masa yadda ake yi: masu ɗaukar hoton biki, malaman makaranta, ɗaliban Jami'ar André Salifou, har wani ɗan kasuwa da ke son ganin littafin lissafinsa in ya tafi sarin kaya Kano.

Ga shi nan na rubuta daki-daki. Ka bi matakan yadda na jera su. Yawancin waɗanda suka gwada suka kasa, daga ƙarshe suka faro: sun tafi neman buɗe ƙofa a akwatin wifi tun ba su gyara maganar wuta ba.

1. Wuta da na'urar da za ta zama saba

Saba kwamfuta ce kawai da ake bari a kunne dare da rana tana riƙe da fayiloli. A garinmu, abin da zai sa ta yi aiki ko ta ƙi, wuta ce. In wuta ta ɗauke kana Agadas, duk ƙwarewarka ba ta da amfani sai kwamfutar ta sake tashi da kanta.

Shi ya sa na fi son tsohuwar kwamfutar cinya a kan komai. Tana da batirinta a ciki, wanda zai riƙe ta in an ɗauke wuta na ɗan lokaci, kuma ba ta cin wuta sosai: da allonta a kashe, wat 10 zuwa 20 ya ishe ta. Ko allon ya tsage, ko wasu maɓallai sun mutu, ba komai. Ƙwaƙwalwar aiki giga 4 ta wadatar. Babbar kwamfutar tebur tana iya cin ninki huɗu ko biyar na wannan, ga shi da ƙiftawar wuta ta mutu. Raspberry Pi 4, wata ƴar ƙaramar kwamfuta, ma yana da kyau, cinsa bai kai wat 10 ba, amma sai an yi odarsa daga nesa, kuma yana buƙatar caja mai ba da volt 5 da amfiya 3 cif.

Gargaɗi: juya kwamfutar ka duba batirin. In ya kumbura, ko ya ɗaga wurin da ake shafa yatsa, cire shi nan take. Batiri mai kumburi a ɗakin da ba kowa, cikin zafin watan Afrilu, gobara ce ke jira.

Kada ka manta da akwatin wifi. Mutane da yawa suna kare kwamfuta su bar akwatin a soket, wuta na ɗaukewa saba tana raye amma ba ta da hanyar fita. Akwai ƙaramin batiri da ake sayarwa don akwatunan wifi da kyamarorin tsaro. Kafin ka saya, karanta rubutun da ke ƙarƙashin akwatinka, ko volt 12 yake sha, ko 9, ko 5. In ka ba shi fiye da nasa, ya ƙone.

Mai sola ga lissafinsa: kwamfuta da akwati tare, a ce wat 25. Batiri mai volt 12 da amfiya-awa 100 yana riƙe wat-awa 1,200, amma irin na dalma ba a shanye masa fiye da rabi in ana so ya daɗe. Saura 600. Raba da 25, awa 24 ke nan, kafin a cire abin da inbata ke cinyewa. In firiji da fanka suna kan batirin nan ɗaya, lissafi ya canja gaba ɗaya.

Sai wurin ajiya. Kada ka sa ta a ƙasa, kada ka sa ta cikin kabad a rufe, kada ka sa ta kusa da kwanon rufi. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango, irin na tsofaffin gidajen Birni, ya fi ɗakin siminti sanyi nesa ba kusa ba. Ɗora ta kan ƴan katakai biyu don iska ta bi ta ƙarƙashi. Lokacin hunturu ƙura tana toshe fankarta cikin makonni kaɗan, sai ka riƙa hure ta. Lulluɓe ta da zane don gudun ƙura kuskure ne, zafi zai kashe ta kafin ƙurar.

2. Saka Ubuntu Server

Za a iya yi da Windows, amma ban ba ka shawara ba: tana sabunta kanta ta sake tashi lokacin da ta ga dama, kuma tana cin mega a ɓoye. Sauko da Ubuntu Server 24.04 LTS, manhajar da za ta tafiyar da kwamfutar a madadin Windows, daga shafin ubuntu.com. Kyauta ce, ta fito a Afrilun 2024, kuma ana gyara mata tsaro na shekara biyar. Nauyinta kusan giga 3, don haka ka nemi wuri mai rezo mai kyau, ko ka yi forfen dare. Ɗora ta kan filashi, wanda mu a nan muke ce wa kile, mai giga 8, da manhajar Rufus ko balenaEtcher. Duk abin da ke cikin kilen zai goge, haka ma duk abin da ke cikin tsohuwar kwamfutar. Kwashe na kwashewa tukuna.

Kafin ka fara sakawa, shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfutar kanta, yawanci da F2 ko F10 lokacin da take tashi. Nemo saitin da ke sa ta kunna kanta da zarar wuta ta dawo. A Dell sunansa Wake on AC ko AC Recovery, a ThinkPad kuma Power On with AC Attach. Kunna shi. In kwamfutarka ba ta da shi, ka san cewa dole akwai mutumin da zai riƙa danna maka maɓalli.

Na sha wahalar wannan sau ɗaya. Ina Maradi, aka yi dogon rashin wuta, batiri ya ƙare, wuta ta dawo amma kwamfutar tana nan a mace. Na kira ƙanwata da dare. Ta ce, "Yaya, na shiga ɗakin, fitilar caja tana ci amma allon baƙi ƙirin." Na ce ta ɗaga murfin ta danna maɓallin da ke can sama a dama. "Na danna, Yaya, ta fara ƙara." Minti biyu bayan haka fayilolina suka bayyana a waya. Da na dawo, abin da na fara yi shi ne gyara BIOS, na kuma manna jar takarda kusa da maɓallin.

Wajen sakawa, haɗa kwamfutar da akwatin wifi da igiyar intanet, kada ka dogara da iska. Ka zaɓi sunan mai amfani, ni a nan zan yi misali da gida, da kalmar sirri doguwa. Idan ta tambaye ka ko a saka OpenSSH, ka amsa da e. Da shi za ka riƙa ba ta umarni daga nesa.

Bayan ta tashi, hana ta barci in an rufe murfi. Rubuta mata wannan umarni, zai buɗe fayil ɗin saiti da nano, manhajar gyara rubutu:

sudo nano /etc/systemd/logind.conf

Nemo layin HandleLidSwitch, goge alamar # da ke gabansa, ka mai da shi haka: HandleLidSwitch=ignore. Adana, ka sake tayar da kwamfutar. Sannan ka rubuta hostname -I ka ga adireshinta na cikin gida, wani abu kamar 192.168.1.50. Shiga shafin akwatin wifi ka ɗaure mata wannan lambar a sashen DHCP, mai raba wa na'urori lambobi, don kada ta riƙa canjawa.

3. Haɗa diskin ajiya

Nan ne kuɗinka zai fi tafiya, kuma nan ne bai kamata ka yi rowa ba. Kwamfuta ta hannu ba laifi, amma diski ka sayi sabo a leda. Tsohon diski da ba ka san shekarunsa ba, ba wurin ajiye takardun filin gado ba ne. Tera 1 ya ishi takardu da hotunan iyali. Mai ɗaukar bidiyon biki ya fara daga tera 2 zuwa sama. Ka yi hattara da ƙananan diski da kile masu araha da aka rubuta musu girman da ba su da shi, suna karɓar fayil kamar gaske, ranar buɗewa a tarar ba komai.

Jona diskin, ka rubuta:

lsblk -f

Za ka ga jerin sunaye. Yawanci sda shi ne na cikin kwamfuta, sdb1 shi ne sabon. Tabbatar da girmansa, ka cire shi ka sake duba jerin, ka mayar ka sake dubawa. Umarnin da ke tafe yana share diski ƙaf, kuma ba ya tambaya sau biyu:

sudo mkfs.ext4 /dev/sdb1
sudo mkdir -p /srv/ajiya
sudo blkid /dev/sdb1

Na ƙarshen zai nuna doguwar lamba mai suna UUID. Buɗe /etc/fstab da nano, ka ƙara layi ɗaya a ƙasa, ka sa lambarka a wurin ɗigogin:

UUID=... /srv/ajiya ext4 defaults,nofail 0 2

Kalmar nofail ɗin nan kada ka tsallake ta. In babu ita, ranar da igiyar diski ta ɗan saki, kwamfutar za ta tsaya a tsakiyar tashi tana jiran wani ya zo ya taɓa maɓalli, kai kuma kana Tanut. Gwada da sudo mount -a, in bai yi ƙorafi ba ka ba kanka mallakar wurin da sudo chown gida:gida /srv/ajiya. Ka kuma sani, diskin da aka mai da ext4 ba zai buɗe kai tsaye ba in ka jona shi a Windows. In ta ce maka a share shi a gyara, ka ƙi.

4. Raba jakar a cikin gida tukuna

Saka Samba, manhajar da ke ba sauran na'urori damar buɗe jakar da ke cikin saba:

sudo apt update
sudo apt install samba

A ƙarshen fayil ɗin /etc/samba/smb.conf ka ƙara:

[ajiya]
path = /srv/ajiya
read only = no
valid users = gida

Sai ka ba shi kalmar sirri, ka sake tayar da shi:

sudo smbpasswd -a gida
sudo systemctl restart smbd

Kalmar sirrin Samba daban take da ta shiga kwamfutar, nan mutane ke yawan rikicewa. Daga wata kwamfutar Windows da ke kan wifi ɗin gidan, rubuta \\192.168.1.50\ajiya a saman tagar fayiloli. In ta buɗe, jefa hoto ɗaya ciki ka gani. In ba ta buɗe a cikin gida ba, kada ka wuce gaba, don daga nesa ma ba za ta buɗe ba.

5. Dalilin da ba za mu buɗe ƙofa a akwatin wifi ba

Galibin bidiyon koyarwa da za ka gani an yi su ne a Turai da Amurka, inda gida ke samun adireshin intanet nasa shi kaɗai. Sai su ce ka shiga akwati ka buɗe ƙofa mai lamba kaza. Mu a nan yawancinmu da layin salula muke shiga intanet, na Airtel ko Moov Africa ko Zamani ko Niger Telecom, kuma a al'adar kamfanonin salula a ko'ina, mutane masu yawa ake tarawa bayan adireshi ɗaya. Sunan tsarin CGNAT. Kamar babban gidan haya ne mai zaure ɗaya: kai kana iya fita ka dawo, amma baƙon da ya zo daga waje bai san ɗakin da zai ƙwanƙwasa ba. Starlink ma, da ya shigo Nijar a 2025, haka yake yi wa masu rajistar gida.

Ka duba naka da kanka. Shiga shafin akwatin, yawanci 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, ka nemo adireshin WAN, wato wanda kamfanin layi ya ba akwatin. Sannan a saba ka rubuta curl -4 ifconfig.me. In lambobin biyu sun bambanta, ko ta akwatin ta fara da 10, ko tana tsakanin 100.64 da 100.127, kana bayan zauren haya. Ko ƙofa ɗari ka buɗe ba mai iso gare ka.

Ko da ma lambobin sun zo ɗaya, ina roƙonka kada ka buɗe ƙofar 445 ta Samba ga duniya. Ta wannan ƙofar cutar WannaCry ta bi a watan Mayun 2017 ta kulle fayilolin kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da asibitocin Ingila. Akwai na'urori da ba su da aiki sai zagaya intanet suna taɓa kowace ƙofa, ba ruwansu da ko kai wane ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda yake da adireshi nasa na gaske kuma hannunsa ya faɗa, yana iya kafa WireGuard, manhajar haɗa na'urori ta ɓoyayyiyar hanya, da kansa ya buɗe ƙofa ɗaya tak, 51820 ta UDP. Sauranmu ga hanyar da ta fi sauƙi.

6. Saka Tailscale

Tailscale manhaja ce da ke haƙa ɓoyayyiyar hanya tsakanin na'urorinka, a kan fasahar WireGuard. Saba ce ke fita da kanta ta nemi wayarka, don haka zauren haya bai hana ta ba. Duk abin da ya bi ta hanyar a rufe yake, ko kamfanin ba ya iya karanta shi. Ga amfanin gida kyauta ce.

Za ka buƙaci asusun Google ko Microsoft ko Apple. Ka gane cewa daga yau wannan asusun shi ne mabuɗin gidanka. Kafin komai, kunna masa tabbatarwa mai hawa biyu, ka rubuta lambobin ceto a takarda ka ajiye inda kake ajiye takardun gida. A saba:

curl -fsSL https://tailscale.com/install.sh | sh
sudo tailscale up

Zai nuna maka wani adireshi. Buɗe shi a waya, ka shiga da asusunka, ka amince. Sai ka rubuta tailscale ip -4, ya ba ka lamba mai farawa da 100. Wannan ita ce sabuwar lambar sabarka, ba ta canjawa ko ka sauya layi ko akwati. Rubuta ta. Saka manhajar a wayarka da kwamfutar tafiyarka, ka shiga da asusun nan ɗaya.

Yanzu abin da kusan kowa ke mantawa. Tailscale tana sa wa kowace na'ura wa'adin kwana 180, in ya cika sai an sake shiga. Ga waya ba damuwa, tana hannunka. Ga saba da ke kulle a ɗaki, wata shida bayan ka gama murna sai ta ɓace ba dalili. Shiga login.tailscale.com, sashen Machines, danna ɗigogi uku da ke gaban sunan sabar, ka zaɓi Disable key expiry.

In kana so matarka ko abokin sana'arka su riƙa shiga, kada ka ba su kalmar sirrin asusunka. Kowa ya buɗe nasa, kai kuma ka raba masa sabar kaɗai ta maɓallin Share. Ranar da aka rabu, ko wayar wani ta faɗi a kabu-kabu, sai ka cire ta daga jerin, shi ke nan. Wayar da ta ɓata, a cire ta a ranar, ba gobe ba.

7. Kulle sauran ƙofofi

Da ufw, katangar tsaron Ubuntu, za mu yi wannan:

sudo ufw allow in on tailscale0
sudo ufw allow from 192.168.1.0/24
sudo ufw enable

A wannan jerin, kuma kana zaune gaban kwamfutar. In ka fara da na ukun daga nesa, ka kulle kanka a waje. In lambobin gidanka da 192.168.8 suke farawa, gyara layi na biyu ya dace. Layin nan na biyu yana nufin duk wanda ke kan wifi ɗinka yana iya ƙwanƙwasa ƙofar sabar, saboda haka in kalmar sirrin wifi ta zagaya unguwa, canja ta, ko ka buɗe wa baƙi layinsu daban in akwatin yana da wannan damar. Ubuntu tana sauko da gyaran tsaro da kanta. Bar ta ta yi, ƴan megan da take ci ba asara ba ce.

8. Shiga daga nesa

Kunna Tailscale a na'urar da ke hannunka. A Windows, rubuta adireshin kamar na mataki na 4, amma da lambar da ta fara da 100. A iPhone, manhajar Files tana da wurin haɗawa da saba, ka rubuta smb:// sannan lambar. A Android ka saka Material Files ko Solid Explorer, ka ƙara sabuwar ajiya.

Ga abin da na lura da shi a hanya. Samba an gina ta ne don cikin gida, tana yawan kai da komo, kuma in rezo ya yi rauni sai ta tsaya cik. A irin wuraren da sanda ɗaya ko biyu ake samu, kamar tsakanin Takeita da Tasawa, SFTP, wata hanyar kwashe fayiloli, ta fi ta juriya. Ba sai ka saka komai ba, tana tare da OpenSSH: lambar 100 ɗin nan, ƙofa 22, sunan mai amfani (gida a misalinmu), da kalmar sirrin shiga kwamfutar, ba ta Samba ba. A Windows ka yi amfani da WinSCP ko FileZilla, suna iya ci gaba daga inda fayil ya katse maimakon su faro daga farko.

Tailscale VPN ce, kuma Android ba ta barin VPN biyu su yi aiki lokaci ɗaya. In kana da wata a kunne, Tailscale za ta mutu ba tare da ta faɗa maka ba. Haka kuma wayoyin Tecno da Infinix da itel suna da tsarin tattalin batiri mai kashe manhajojin da ke aiki a baya. Shiga saitin batiri ka cire Tailscale daga cikin waɗanda ake kashewa.

In abin yana jan ƙafa, daga kwamfutar tafiya rubuta tailscale ping da lambar sabar. In amsar ta ambaci DERP, na'urorin ba su samu haɗuwa kai tsaye ba, suna zagayawa ta wata tashar kamfanin a birane irin su Paris ko Johannesburg. Fayil ɗinka yana nan a rufe, sai dai tafiyar ta yi nisa. Hakan yakan faru in ɓangarorin biyu duk suna kan layin salula. Don takardu da hotuna ba za ka ji a jikinka ba.

9. Gwaji kafin tafiya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ware yamma ɗaya ka yi waɗannan da hannunka.

Kashe wifi a wayarka, ka kunna megan salula, ka buɗe fayil kana zaune a tsakar gida. In ka gwada da wifi ɗin gida a kunne, ba ka gwada komai ba. Sannan ka kashe sabar gaba ɗaya, ka zare cajarta, ka zare akwatin wifi, ka jira minti biyar, ka mayar da su ba tare da ka taɓa maɓallin kunnawa ba. Duba agogo. In cikin minti biyar fayilolin sun dawo wayarka, aiki ya yi. Maimaita, amma wannan karon ka mayar da sabar tukuna, akwatin daga baya, don haka wuta ke yi wani lokaci. Daga nan ka hau babur ka je Kasuwar Dole ko Zango ka sake gwadawa daga can, da layin wani kamfani daban in kana da shi.

Kafin ka fita gari, nuna wa mutum ɗaya a gida maɓallin kunnawa, da soket ɗin da ba a zarewa don cajin waya, da yadda ake kashe akwati a kunna. Ka kuma duba ranar da forfen akwatin zai ƙare. Rabin kiran da ake yi mini na cewa saba ta lalace, forfe ne ya ƙare. Ajiye lambar layin da ke cikin akwatin a wayarka don ka iya saya masa daga duk inda kake.

10. Lissafin mega da kuɗi

Ubuntu, Samba, Tailscale da WinSCP duk kyauta ne. Abin saye shi ne diski, batirin akwati, igiyar intanet, da kwamfutar in ba ka da tsohuwa. Wuta kuma ga ta: wat 15 sau awa 24 sau kwana 30 ya ba da kilowat-awa 10.8 a wata, da akwatin wifi a ce 18. Ninka da farashin da ke kan takardar kuɗin wutarka.

Mega ce ke ba mutane mamaki, don sau biyu ake biya. Fayil mai giga 1 zai ci giga 1 a layin gida wajen fita, ya ci wani giga 1 a wayarka wajen shiga. Kuma saurin da ke da muhimmanci shi ne na ɗorawa daga gida, wanda kullum ya fi na saukewa ƙanƙanta. In gidanka yana ɗora megabit 2 a daƙiƙa, takarda mai mega 5 za ta iso cikin daƙiƙa 20, amma bidiyo mai giga 1 sai ya haura awa ɗaya. Masu hoton biki, ku ajiye ƙananan kwafi a wata jaka daban don nuna wa masu biki a waya, manyan kuma a kwashe su da igiya in an dawo gida. Ka kuma kashe nuna ƙananan hotuna a manhajar fayiloli, don buɗe jaka mai hoto dubu kaɗai yana iya cinye forfen yini.

11. Kwafi na biyu

Saba wuri ɗaya ce, diski ɗaya ne, kuma diski yana mutuwa. Tsawar damina ɗaya ko hawan wuta ɗaya na iya tafiya da kwamfuta da diskin da ke jone da ita. Sayi diski na biyu, ka shirya shi kamar na farko amma da nasa sunan da lsblk ya nuna, ba na diskin farko ba, ka haɗa shi a /mnt/kwafi, ka rubuta:

rsync -a /srv/ajiya/ /mnt/kwafi/

Karon farko zai daɗe, bayan haka sabbin abubuwa kaɗai yake ɗauka. Kada ka ƙara masa --delete sai ka fahimce shi sosai, don in ka goge abu bisa kuskure a na farko, zai bi shi ya goge a na biyu. Kuma ka lura da jerin: na hagu shi ne inda ake ɗauka, na dama inda ake zubawa. Kafin ka danna, tabbatar da lsblk cewa diskin na biyu ya hau da gaske, in ba haka ba kwafin zai cika cikin kwamfutar.

Da ya gama, sauke shi da sudo umount /mnt/kwafi, ka zare, ka sa a leda saboda ƙura, ka kai wani gida. Nawa yana wurin kawuna a Mirya, ina karɓo shi duk ƙarshen wata in sabunta in mayar. Duk lokacin da ka karɓo, buɗe fayil biyu ko uku daga cikinsa ka ga suna buɗewa. A wannan zaman kuma ka duba lafiyar babban diskin: saka smartmontools, ka rubuta sudo smartctl -a /dev/sdb. Kalli zafinsa, in yana haura digiri 50 ka canja masa wuri ko ka sa masa ƙaramar fanka. Kalli layin Reallocated_Sector_Ct, in lambar ƙarshe ta bar sifili tana hawa daga wata zuwa wata, ka sayi sabon diski a makon nan ka kwashe kayanka.